Hoton abin bauta a jikin katako: inda addini, dokar daji da haraji suka haɗu a Mysuru

Ranar 22 ga Satumba, 2025, sabon jadawalin harajin kayayyaki na ƙasar Indiya, wanda ake kira GST, ya fara aiki. Cikin abubuwan da ya taɓa har da kayan sana'ar hannu na katako, waɗanda harajinsu ya sauko daga kashi 12 zuwa kashi 5 cikin ɗari. Ga mai jin labarin daga nesa, shi ke nan an gama magana. Amma a shagunan birnin Mysuru da ke jihar Karnataka, inda ake jera allunan katako masu hoton allolin addinin Hindu irin su Ganesha da Lakshmi da Krishna, tambayoyin mai saye suna nan daram. Allon nan kayan ibada ne ko kayan ado? Farin da ke jikinsa hauren giwa ne? Za a bari a wuce da shi a filin jirgi? Me ya sa sau da yawa wanda ya yi shi ba mabiyin addinin Hindu ba ne?

Ruɗanin ya taso ne saboda ɓangarori uku ke kallon allo ɗaya, kowa da abin da idonsa ke kai. Malamin addinin Hindu yana duba ko an tsarkake siffar, kuma ko ta bi ƙa'ida. Jami'in kwastan ba ruwansa da hoton, katakon yake so ya sani da nauyinsa. Mai saye kuma hoton ne ya ja shi. Idan aka raba ukun, yawancin tambayoyin suna samun amsa.

## Abin da ake nufi da dashen katako

Sana'ar ba sassaƙa ba ce irin ta turmi ko kujera 'yar tsugunno, ba kuma fenti ba ce. Ana ɗauko faffaɗan katako mai duhu, a ƙwaƙule masa gurbi daidai da siffar da ake so, sannan a dasa wani abu mai launi daban a cikin gurbin har ya zauna dam, fuskarsa ta yi daidai da ta katakon. Wanda ya taɓa ganin baduku yana yanka jar fata yana ɗora ta a kan baƙa domin fitar da zane a jikin tuntu ko jaka ya kusa fahimtar abin, sai dai a nan cikin katakon ake nutsar da guntun.

Aikin yana farawa da takarda. Mai zane ya fitar da hoton, a yi masa kwafi da yawa, a yayyanka shi gaɓa-gaɓa. Kowace gaɓa a manna ta a kan siririn falle na katakon da launinsa ya dace da ita: fuska daban, rawani daban, kowane yatsa daban. Da wani siririn zarto mai kama da igiyar goge ake bin layin zanen, sai a gyara gefen da magagari har guntayen su rungumi juna ba tare da rata ba. Daga nan a shata kewayen hoton a jikin babban allon, a sa kurfi a haƙa gurbin, a shafa gam, a danne shi ya kwana. Bayan an goge da samfefa sai a koma kan ƙananan abubuwa, wato ido da gira da lanƙwasar tufa, a tsaga su da tsinin ƙarfe a cika tsagar da baƙi. Ƙarshe a goge shi da kakin zuma ko man ƙyalli.

Akwai hanya ta biyu wadda ta fi yawa a manyan alluna yanzu: maimakon a haƙa gurbi, sai a rufe fuskar allon gaba ɗaya da guntayen katako, sama da ƙasa da bishiyoyi duk da katako. A kasuwa sunansu ɗaya, amma ta biyun ba ta cin katako mai tsada sosai, domin ana iya yin bayan allon da falle mai araha. Wannan bambanci zai dawo idan aka zo kan maganar kwastan.

Babban katakon sana'ar shi ne wanda mutanen Karnataka ke kira biti, masana tsirrai ke kira Dalbergia latifolia, kasuwar duniya kuma ta san shi da rosewood na Indiya. Launinsa daga ruwan ƙasa mai duhu ne zuwa shuni-shuni, da jijiyoyi baƙaƙe. Sauran launukan daga wasu itatuwa suke fitowa: rawaya daga itacen jakfurut, baƙi wuluk daga wani dangin kanya, sauran kuma daga irin su mangwaro da tsamiya da sandal.

Ba Mysuru kaɗai ke wannan aiki ba. Hoshiarpur a jihar Punjab ta shahara da dasa fari a jikin katakon shisham, wani dangin biti, Mainpuri a Uttar Pradesh kuma da nutsar da zaren tagulla a katako, aikin da suke kira tarkashi. Sai dai waɗancan sun fi karkata ga furanni da zanen lissafi. Mysuru ce ta yi suna da cikakken hoto mai mutane da dabbobi da labari, kuma a nan ne siffofin addinin Hindu suka fi samun gurbi.

## Murti, darshan da tsarkakewa

Kalmar da Bahaushe zai fara kawowa ita ce gunki. Mabiya addinin Hindu kuwa murti suke cewa, ma'ana siffa ko jikin da abin bauta ke bayyana a cikinsa. A fahimtarsu dutse ko katako ba ya zama wurin ibada don kawai an sassaƙa shi. Sai an yi masa wani biki mai suna prana pratishtha, wato shigar da rai, inda malamai ke karanta addu'o'i, a ƙarshe a yi abin da suke kira buɗe idon siffar. Misalin da duniya ta gani shi ne na ranar 22 ga Janairu, 2024, a Ayodhya, lokacin da aka tsarkake siffar Rama, ɗaya daga cikin allolin Hindu, a sabon wurin bauta. Wanda ya sassaƙa ta, Arun Yogiraj, mutumin Mysuru ne, kuma da dutse ya yi ta.

Kalma ta biyu ita ce darshan, gani da ganuwa: mai ibada ya kalli siffar, ya kuma ɗauka cewa ita ma tana kallonsa. Shi ya sa ido ke da nauyi ƙwarai a wannan fasaha. Ta uku ita ce puja, hidimar da ake yi a gaban siffar da fitilar mai da furanni da turare da abinci. Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya ya ga irin wannan kusurwa a gidajen cikin fim.

To ina allon dashe ya faɗa? Yawancinsu ba a yi musu cikakken bikin tsarkakewa irin na manyan wuraren bauta. Allo ɗaya yana iya zama ado a falon otal, ya zama kyautar ɗaurin aure ko ta tarewa a sabon gida, ko kuma a rataye shi a ɗakin ibada a sa masa sarƙar furanni da jan ɗigo a goshi. Abin da mai shi ya yi da shi ne ke ba shi matsayi. Duk da haka, ko wanda aka rataye don ado ba a wasa da shi. Ba a ajiye shi a ƙasa inda ƙafa za ta taɓa, kuma saboda haka ne aka fi ganin siffofin ibada a allon bango da ƙofar ɗakin ibada da ƙaramin akwatin bauta da ake kira mantapa, yayin da fuskar teburin cin abinci ke samun giwaye da furanni da tsuntsaye.

Su kansu mabiya Hindu ba bakinsu ɗaya ba a kan siffofi. Ƙungiyar Arya Samaj, wadda Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, ba ta yarda da bauta ta hanyar siffa ba sam. A Karnataka ma, mabiya tafarkin Lingayat, da ke bin koyarwar Basavanna na ƙarni na 12, ƙaramar alamar abin bautarsu Shiva suke ratayawa a jikinsu, ba su ɗora ibadarsu a kan manyan wuraren bauta ba. Wasu masana falsafar addinin suna ɗaukar siffar a matsayin tsani ga mai neman tattara hankali, wasu kuma suna cewa abin bautar yana cikinta da gaske.

## Daga fada zuwa shago

Sana'ar ta girma ne a inuwar sarauta. A Srirangapatna, kusa da Mysuru, akwai hubbaren da Tipu Sultan, Musulmin da ya mulki Mysuru, ya gina wa mahaifinsa Hyder Ali a shekarun 1780, inda shi ma aka binne shi bayan Turawan Ingila sun kashe shi a 1799. Ƙofofin hubbaren na baƙin katako ne da aka dasa wa hauren giwa. Bayan faɗuwar Tipu, gidan sarautar Wodeyar na Hindu ya koma kan gado, ya ci gaba da riƙe masu sana'ar. Da tsohuwar fadar katako ta ƙone a 1897, sai aka gina ta yanzu, aka kammala a 1912, kuma ƙofofinta na biti da hauren giwa suna cikin abin da baƙi ke tsayawa kallo har yau. A wannan zamani ne kuma aka kafa makarantar koyon sana'a ta Chamarajendra a birnin, wadda ta mayar da dashen katako darasi a aji.

Wannan tarihi ya bar abu biyu. Na farko, sana'ar ta yi wa sarki Musulmi aiki ta kuma yi wa sarki Hindu, saboda haka ba ta taɓa zama mallakin addini ɗaya ba. Na biyu, da sarauta ta rasa iko bayan 'yancin kai a 1947, aka kuma soke albashin sarakunan Indiya a 1971, dole masu sana'ar suka nemi sabon mai saye: ma'aikaci mai matsakaicin ƙarfi, ɗan yawon buɗe ido, da 'yan Indiya mazauna waje. Wannan mai saye ba ƙofar fada yake nema ba. Abin da zai shiga akwati yake so, kuma hoton da ya fi tabbas a kasuwarsa shi ne na abin bautarsa.

Akwai wani mutum da tasirinsa ke cikin waɗannan alluna ko da bai taɓa riƙe zarto ba. Raja Ravi Varma, wanda ya rayu daga 1848 zuwa 1906, ya zana allolin Hindu da salon fentin Turai, da jiki irin na mutane da inuwa da tufa mai lanƙwasa. A 1894 ya buɗe maɗaba'a a Bombay, hotunansa suka bazu gida-gida ta kalanda da takardun bango. Lakshmi da ke tsaye a kan furen bado, da Saraswati da ke zaune da molonta, kamar yadda talakan Indiya ya san su yau, daga wannan salo suka fito. Fadar Mysuru ta ba shi aiki, kuma zanensa na rataye a gidan tarihi na Jaganmohan da ke birnin.

## Hoton ba ya bin son ran mai zane

Tsoffin littattafan sana'a da ake kira Shilpa Shastra sun shimfiɗa ƙa'idojin siffa: tsawon jiki gwargwadon tsawon fuska, yawan hannaye, abin da kowane hannu ke riƙe da shi, da dabbar da kowane abin bauta ke hawa. Ganesha yana da kan giwa da haure ɗaya karyayye, ga ɓera a gefensa, kuma da shi ake buɗe kowane sabon al'amari, dalilin da ya sa hotonsa ke kan gaba wajen kyautar buɗe shago. Lakshmi ta dukiya ce, Saraswati ta ilmi. Chamundeshwari, wadda gidan sarautar Mysuru ke riƙe da ita, ana nuna ta tana kashe aljanin ɓauna Mahishasura, kuma daga sunan aljanin ne aka samo sunan birnin. Mai saye ba lallai ya san littattafan ba, amma idan aka sauya wa hannu abin riƙonsa zai gane nan take.

A ɗauki ɗaya daga cikin allunan da suka shahara, wato Krishna yana jan linzamin keken yaƙin Arjuna, hoton da ke nuna farkon hirar da ke cikin Bhagavad Gita, ɗaya daga cikin littattafan addinin Hindu. Dawakan farare ne, saboda haka suna buƙatar fari tas. Ƙafafun keken suna buƙatar sanduna siraran da ba za su karye a bakin zarto ba. Mai aikin yana juya fallen katako yana neman inda jijiyarsa ta kwanta yadda za ta yi kama da gezar doki ko tutar da iska ke kaɗawa, domin ba shi da burushin da zai zana motsi. Sai kuma matsalar Krishna kansa. A kalanda shuɗi ne, amma itace ba ya ba da shuɗi. Mai son aikin gargajiya zalla zai koma ga katako mai duhu ko mai toka-toka, kuma yana da hujja, domin kalmar krishna a harshen Sanskrit tana nufin baƙi ko mai duhu. Mai bin kasuwa kuma zai rina fallen ko ya sa roba mai launi. Da yawa daga gardamar da ake yi kan wane ne aikin asali daga irin wannan ƙaramin zaɓi take tasowa.

Iyakar ba ta addini kaɗai ba ce. Dokar laifuka ta Indiya tana hukunta wanda ya ci zarafin addinin wasu da gangan, a da ƙarƙashin sashe na 295A, tun 1 ga Yuli, 2024 kuma ƙarƙashin sashe na 299 na sabuwar doka. Shahararren mai zane M. F. Husain ya bar ƙasar a 2006 bayan tarin ƙararraki kan yadda ya zana allolin Hindu, ya rasu a Landan a 2011. Ƙaramin mai sana'a ba shi da dalilin gwada sabon salo a kan siffar da kowa ya riga ya sani.

## Hauren giwa: abin da doka ta ce

Farin da ke cikin tsoffin ayyuka hauren giwa ne. Giwar Asiya tana cikin rukunin farko na yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, tun da yarjejeniyar ta fara aiki a 1975, kuma wannan rukuni yana nufin haramcin ciniki tsakanin ƙasashe. Indiya ta hana cinikin hauren giwarta a cikin gida a 1986. Masu sana'a suka koma kan wanda ake shigowa da shi daga Afirka, sai a 1989 aka saka giwar Afirka ita ma a rukunin farko, a 1991 kuma Indiya ta gyara dokarta ta kare namun daji ta 1972 ta rufe wannan ƙofar. 

Saboda haka farin da ke sabon allo roba ce ko farin katako. Wanda ya ce wa mai saye sabon allonsa na haure ne, ko dai ƙarya yake yi ko laifi yake aikatawa. Tsohon allo kuma yana da shinge biyu: dokar hauren giwa, da dokar kayan tarihi ta 1972 wadda ta hana ɗan kasuwa fitar da abin da ya haura shekara 100 daga ƙasar. Ko an fita da shi tun da can, ƙasashen da ake kai shi sun tsananta. A Birtaniya, dokar da ta fara aiki a Yunin 2022 ta bar ƙofofi kaɗan ne, ciki har da ta abin da aka yi kafin 1947 wanda hauren da ke jikinsa bai kai kashi 10 cikin ɗari na girmansa ba, shi ma sai an yi masa rajista.

Masana sana'ar sun rabu kan sakamakon. Wasu na ganin roba ta zubar da darajar aikin, domin ba ta da laushin hasken haure kuma ba ta tsufa da kyau. Wasu na ganin rashin hauren ne ya tura masu aikin neman launi a itatuwa iri-iri, har cikakken hoto mai launuka da yawa ya bunƙasa.

## Katakon kansa ya shiga jerin

A taron CITES na Johannesburg a 2016 an saka dukkan dangin Dalbergia, masu nau'i sama da 250, a rukuni na biyu, ban da na Brazil da ke rukunin farko tun 1992. Dokar ta fara aiki ranar 2 ga Janairu, 2017. Rukuni na biyu ba haramci ba ne, yana nufin sai da takardar izini. Abin da ya jawo matakin shi ne buƙatar jan katako a kasuwar kujerun alfarma ta ƙasar Sin, wadda ta cinye dazuzzuka a Madagaska da kudu maso gabashin Asiya. Wannan buƙata ta iso har Najeriya: a taron ne aka saka madobiya, wadda aka yi ta sara a jihar Taraba ana lodawa zuwa tashar jiragen ruwa, kuma a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya.

Indiya ba ta amince ba. Hujjarta ita ce shisham, wato Dalbergia sissoo, ba ya fuskantar ƙarewa, manoma ma shuka shi suke yi a gefen gona. Ta nemi a cire shi daga jerin a taron Geneva na 2019, ta sake nema a na Panama a 2022, duka biyun ba ta samu ba. Gwamnatinta ta ce kayan shisham da ake fitarwa sun faɗo daga kimanin rupi (kuɗin Indiya) biliyan 10 a shekara zuwa tsakanin biliyan 5 da 6, abin da ya taɓa masu sana'a kusan 50,000. Waɗanda suka ƙi buƙatar sun ce jami'in kwastan ba zai iya bambanta wannan Dalbergia da wancan da ido ba, kuma idan aka cire ɗaya, kowane katakon sata zai zama shisham a takarda. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai hujjar Indiya ba ta rufe Mysuru sosai ba, domin biti ba kamar shisham ba ne. Yana jinkirin girma, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta lissafa shi cikin itatuwan da ke cikin haɗari.

An dai samu sassauci. A 2019 an cire kayan kiɗa daga buƙatar izini, haka kuma kayan da aka gama ƙerawa waɗanda katakon bai wuce kilo 10 ba. A 2022, kamar yadda gwamnatin Indiya ta sanar, an amince a riƙa auna kilo 10 ɗin a kan kowane kaya shi kaɗai, kuma nauyin katakon da ke cikin jerin kawai ake ƙirgawa, ban da ƙarfe ko wani itace. Ma'anar wannan a aikace ita ce ƙaramin allon bango yana wucewa cikin sauƙi, musamman wanda bayansa falle ne mai araha, amma babban mantapa ko ƙofar ɗakin ibada ta biti zalla na buƙatar takarda. Ga 'yan kasuwa, hukumar bunƙasa fitar da kayan sana'ar hannu ta Indiya tana ba da shaidar halaccin katako mai suna Vriksh.

Haraji ma haka yake tafiya. Tun Yulin 2018 an yafe GST a kan siffofin bauta na dutse ko katako. Amma jadawalin kwastan na duniya yana da gurbi na musamman, lamba 4420, na katakon da aka yi wa dashe da kayan ado na katako, kuma wannan gurbi ne sauyin 2025 ya sauke zuwa kashi 5.

## Hannun wa ya yi shi

Unguwar Mandi Mohalla a Mysuru tana cikin cibiyoyin sana'ar, kuma da yawa daga iyalan da suka gaje ta Musulmi ne. A ƙidayar 2011 mabiya Hindu kashi 79.8 ne na al'ummar Indiya, Musulmi kashi 14.2, saboda haka kasuwar ta fi yawa a hannun masu neman hoton Ganesha. Ana kuma yin allunan ayoyin Alƙur'ani da na hotunan addinin Kirista da kayan aiki iri ɗaya.

Matsayi uku ake ji. Hukuncin jumhurin malaman Musulunci kan ƙera siffar da za a bauta wa sananne ne, haramci ne, kuma akwai masu sana'ar da suka tsaya kan furanni da rubutu da shimfiɗar ƙasa saboda haka. Akwai kuma masu ɗaukar aikin a matsayin sana'ar gado da ake ci da iyali, suna cewa abin da mai saye zai yi da allon nasa ne. A ɓangaren Hindu, daɗaɗɗiyar al'ada ba ta damu da addinin mai yin allon gida ba, tunda hidimar mai ibada ce ke ba shi matsayi. Amma a 2022 wasu ƙungiyoyin kishin Hindu a Karnataka sun matsa a hana Musulmi kafa rumfuna a bukukuwan wuraren bauta, suna kafa hujja da wata ƙa'idar jihar ta 2002 da ta hana ba wa wanda ba Hindu ba hayar filin wurin bauta. Masu adawa da matakin, ciki har da wasu 'yan jam'iyyar da ke mulkin jihar a lokacin, sun ce zai raba mutanen da abincinsu ke haɗe tun kaka da kakanni.

## Tambarin asali da injin

A 2005 aka yi wa dashen biti na Mysuru rajistar tambarin asalin wuri, ƙarƙashin dokar 1999 wadda ta fara aiki a 2003, irin wanda shayin Darjeeling ya fara samu. Tambarin yana kare suna ne: wanda ya yi allo a wani gari ba shi da ikon kiransa na Mysuru. Ba ya hana kowa yin hoton Ganesha da katako, ba ya kuma sa farashi. Ƙiyasin da aka fi ambata na masu aikin a birnin kusan 4,000 ne, kuma hukumar sana'ar hannu ta jihar tana sayar da kayansu a shagunanta na Cauvery.

Abokin gaba na kusa shi ne injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, wanda ke fitar da guntaye iri ɗaya da yawa cikin ɗan lokaci. Masu goyon bayansa na cewa yana rage ɓarnar katako kuma yana kai allon gidan talaka. Masu suka na cewa idan farashin injin ya zama mizani, wanda ya shafe makonni yana goga yatsun Saraswati da magagari ba zai fitar da kuɗin wahalarsa ba.

## Yadda abin ke sauka a kan mutane

Ga mai sana'a, ragin haraji yana taimakon mai shago da mai saye kafin ya iso gare shi, domin yawancin masu aikin a ƙananan rumfuna suke, ana biyansu gwargwadon abin da suka gama. Abin da ya fi matsa masa shi ne katako. Sare itace a dazuzzukan Indiya ya tsananta tun hukuncin kotun ƙoli na Disambar 1996, kuma biti na halal yana bi ta gwanjon ma'ajiyar hukumar gandun daji, inda mai jari ke rinjaye. Sakamakon da ake gani shi ne biti yana raguwa a jikin allo, ya koma siririn falle ko firam kawai. Shirin PM Vishwakarma da aka ƙaddamar a Satumbar 2023 yana ba masu sana'o'in hannu 18 tallafin kayan aiki na rupi 15,000 da rance mai ruwan kashi 5 cikin ɗari, amma rance ba ya ƙara yawan itacen.

Ga mai ibada, sauyin kayan aiki ya kawo wata sabuwar tambaya. A al'ada siffar da ta karye ba a ci gaba da hidima a gabanta, ana sakin ta a ruwa ko a ajiye ta gindin bishiya. Allon katako zalla yana ruɓewa, amma guntayen roba da ke jikin na yanzu ba sa ruɓewa.

Ga matafiyi ko ɗan kasuwa da zai ɗauko kayan katako daga Indiya, ko na hoto ne ko na furanni da ayoyi, abin tambaya uku ne: sunan katakon, nauyinsa, da shekarun kayan. Rasit ɗin da ya rubuta cewa farin roba ne kuma kayan sabo ne yana rage tsayuwa a gaban kwastan, a Bengaluru, babban birnin Karnataka, ko a inda za a sauka.